Shekarar da Na Kayar da Babana Zaɓe

Ina aji biyar na sakandare a Kafanchan, a shekarar 1992, aka kawo mana sabon malamin darasin Gwamnati. Mutumin Zonkwa ne, dogo, siriri, mai wani tsohon babur da ake jin ƙararsa tun kafin ya shigo ƙofar makaranta. A bayan babur ɗin kullum akwai kwali ɗaure da roba. Tsofaffin mujallun Amurka ne a ciki, waɗanda wata Baturiya mai aikin jinya ta bar masa lokacin da za ta koma ƙasarsu.

Ranar da ya fara shiga ajinmu ya dire kwalin a kan tebur ya ce, "Bana Amurka za ta zaɓi shugaba. Ku ma za ku yi zaɓen tare da su, daga nan inda kuke zaune."

Ya raba mu gida uku, domin mutum uku ne ke takara a can: shugaban da ke kan mulki, da wani matashin gwamna daga wata ƙaramar jiha ta kudu, da wani attajiri da ba shi da jam'iyya. Rukuninmu aka ba gwamnan, ni kuma aka sa ni jagora, saboda kowa ya san bakina ba ya mutuwa. Na ɗauki abin da zafi kamar ɗan'uwana ne ke takara. Na karanta mujallun nan har da waɗanda ɓera ya ci gefensu. Da asuba, in Baba ya dawo masallaci ya kunna rediyo, ina nan kusa da tsintsiya a hannu, ina share wuri ɗaya sau uku don in ji labarin Amurka.

Babana ɗan kasuwar citta ne. Kakansa ne ya fara zuwa garin tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, kuma mu ba mu san wani gida ba sai nan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar citta da hatsi. Ƙungiyar ta haɗa kowa: Hausawan kasuwa irinmu, da manoman da ke kawo kaya daga ƙauyukan kewaye, da mata 'yan sari daga wajen Kachia. Shugaba ne ke riƙe makullin babban sito, shi ke cewa wane zai sa buhunansa a ciki, wane kuma zai fara lodi in mota ta zo. Ba a taɓa kama Baba da rashin gaskiya ba. Amma ba ya jin shawara. In aka kira taro shi zai buɗe, shi zai yi bayani, shi zai amsa tambayar da ba a yi ba, shi zai rufe. Duk shekara wani dattijo zai miƙe ya ce a ci gaba da Alhaji, a tafa, a watse.

Ina yawan kawo masa Amurka a lokacin cin abinci. Wata rana na yi masa bayanin cewa a can ba yawan ƙuri'ar ƙasa gaba ɗaya ake dubawa ba, kowace jiha tana da wakilai gwargwadon jama'arta, wanda ya ci jiha shi ke kwashe wakilanta.

Ya ajiye cokali ya ce, "Wato mutum na iya fin yawan jama'a, kuma ya faɗi?"

"Yana iya faruwa, Baba. Ya ma taɓa faruwa a da."

"To ashe su ma suna da nasu shirmen," in ji shi, yana murmushin jin daɗi.

Ban ji daɗin wannan ba, domin a lokacin ba na son a taɓa mini Amurka. Washegari na kai ƙara wurin Malam. Maimakon ya goyi bayana sai ya yi dariya, ya ciro wani littafin tarihi mai yagaggen bango ya miƙo mini.

"Babanki yana da gaskiya," ya ce. "Ke kin ɗauka da hankalinsu aka haife su? Je ki karanta."

Na karanta, kuma na sha mamaki. Ashe a da can su ma a fili suke zaɓe, mutum ya tsaya gaban jama'a ya faɗi wanda yake so, mai gonar da yake wa aiki yana tsaye yana kallonsa. Ashe sun daɗe mata ba sa zaɓe. Ashe baƙaƙen fata, bayan an ce an 'yanta su daga bauta, sun yi shekaru masu yawa ana hana su ƙuri'a da dabaru iri-iri, wani a ce ya karanta takarda mai wuya, wani a tare shi a hanya. Da na ba Innarmu wannan labarin tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni ma ai kina da shekara huɗu aka fara bari na jefa ƙuri'a," ta ce. "Mene ne abin mamaki?"

Wannan karatun bai sa na raina Amurka ba. Wani ƙarfi ma ya ba ni. Na ga ashe ba baiwa ce aka yi musu daban ba, koya suka yi, da faɗa da kuskure da gyara. Abin da aka koya kuwa, na ce a raina, mu ma muna iya koyonsa, ko a Kafanchan.

A farkon Nuwamba aka yi zaɓen. Da safe rediyo ya faɗi cewa gwamnan ya ci. Na yi tsalle har na zubar da kokon ƙanena. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba nasarar ba ce. Mai labarai ya ce shugaban da ya faɗi, wanda sojoji da jiragen yaƙi duk ke hannunsa, ya kira wanda ya kayar da shi ya taya shi murna, sannan ya fito gaban magoya bayansa ya ce su ba sabon shugaba haɗin kai. Mu a lokacin soja ke mulki, ana ta ɗaga ranar miƙa gwamnati, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Baba ya kashe rediyon ya ce, "Bari dai mu ga ranar fita daga gidan gwamnatin."

A wannan watan ne maganar zaɓen ƙungiyarsu ta taso. Matasan 'yan kasuwa suka ce bana ba za a yi tafi a watse ba, zaɓe za a yi. Wanda suka tsayar wani dattijo ne Kirista, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya koma sarin citta bayan ya yi ritaya. Mu yara Baban Reluwe muke ce masa. Abokin Baba ne na shekara da shekaru. In Kirsimeti ta zo daga gidansa ake kawo mana shinkafa da kaza, kuma kazar sai ya aiko an yanka a gidanmu tukuna.

A zamanin, zaɓen layi ake yi ko'ina a ƙasar: kowa ya tsaya bayan ɗan takararsa, ko bayan hotonsa, a ƙirga kawuna. Haka ƙungiyar ta shirya yi. Sai dai garinmu ba kamar sauran garuruwa ba ne. Tun rikicin addinin da aka yi a garin a 1987 mutane ke taka-tsantsan da juna, kuma a wannan shekarar ma an yi wani mummuna a ƙasar Zangon Kataf, wanda har kasuwarmu ta yi makonni babu armashi. Kowa na gaisawa da kowa, amma kowa na lura da inda kowa ya tsaya.

Wata ranar Asabar da la'asar Baban Reluwe ya zo zaurenmu. Inna ta ba ni kunun zaƙi in kai musu. Ina durƙushe ina zubawa na ji yana cewa, da irin Hausarsa:

"Alhaji, ni layin nan yana ba ni tsoro. In an ce a tsaya, ka san abin da zai faru. Masallaci zai tsaya bayanka, majami'a zai tsaya bayana. Ko wanda yana sonka a cikin mutanena ba zai iya ya tsallaka ba. Daga nan ƙungiya ya mutu."

Baba ya ce, "To ka janye mana."

"In na janye yaran za su ce ka saye ni. Wannan ma ya fi muni."

Ni kuwa na gama zuba kunu amma na kasa tashi. Baba ya dube ni.

"Uwata, akwai magana ne?"

"Baba, in kun yarda in ce wani abu."

Ya ɗaga hannu alamar in faɗa. Na ce a Amurka ma sun taɓa shiga irin wannan, da zaɓen fili ya zama abin tsoro sai suka koma na sirri. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa, ya fito, ko matarsa ba ta san abin da ya yi ba.

Baban Reluwe ya ce, "Mu ma ai mun yi haka zamanin farar hula. Amma 'yata, rabin mutanenmu ba su iya karatu ba, kuma ba mu da akwati."

"Ba sai an yi karatu ba, Baba. Tulu biyu za a ajiye a bayan zana. A ɗaura citta a wuyan ɗaya, a ɗaura masara a wuyan ɗaya. Kowa a ba shi kati guda mai hatimin ƙungiya."

"Me ya sa ba tsakuwa ba?"

"Tsakuwa tana ƙara, na waje zai ji tulun da ta faɗa. Kuma mutum na iya zuwa da nasa a aljihu."

Wannan amsar a nan take ta zo mini, kuma har yau ina alfahari da ita. Baban Reluwe ya bushe da dariya, ya dafa gwiwar Baba ya ce, "Alhaji, yarinyan nan ya fi mu kai."

Baba ya gyara zama, fuskarsa cike da jin daɗi. Ya ce, "A yi yadda ta ce. Ni ko a cikin rijiya aka ajiye tulun, mutanen nan ni za su zaɓa."

Ni ma haka na ɗauka. In faɗi gaskiya, ban taɓa kawo wa raina cewa zai faɗi ba. So nake a yi abu mai tsabta irin na littafi, Babana ya ci, a ce 'yarsa ce ta tsara.

Mako guda na yi ina shiri. Na yanka katuna daga bangon tsofaffin littattafan rubutu, Baba ya buga wa kowanne hatimi. Malam ya yarda zai zo ya sa ido, tunda shi ba ɗan ƙungiya ba ne. Aka ce na'ibin limamin masallacin kasuwa da wani dattijon majami'a su za su ƙirga. Ni aka ba ni allo da alli.

Ranar zaɓen aka kafa zana a bakin sito, ƙanshin busasshiyar citta ya cika wurin har yana sa atishawa. Aka nuna wa jama'a tulunan a kife don su ga babu komai a ciki. Citta ta Baba ce, masara ta Baban Reluwe. Aka riƙa kiran suna, mutum ya karɓi kati, ya shiga, ya fito. Wata tsohuwa mai sayar da dawa ta shiga ta daɗe, har aka fara tunanin ko lafiya. Da ta fito ta ce addu'a ta tsaya yi. Wani kuma ya fito da katinsa a hannu yana tambaya ko zai iya raba shi biyu, don dukansu mutanensa ne. Aka yi ta dariya. Na lura mutane sun cakuɗe, ana hira, babu ɓangaren wane da na wane. Na dubi Malam, ya ɗaga mini babban yatsa.

Da aka gama, aka fara juye tulun citta a kan tabarma. Na'ibi yana ɗaga kati, dattijon yana faɗin lamba, ni ina jan layi a allo. Sittin da shida. Mutanen Baba suka yi tafi. Ni kuwa ban tafa ba, domin ni na yanka katunan, na san yawan waɗanda aka raba. Tun kafin a taɓa tulu na biyu na riga na san sakamakon. Haka na tsaya ina jan layi da alli, har muka wuce sittin da shida, muka tsaya a saba'in da biyar.

Matasa suka ɓarke da ihu. Baban Reluwe ya daka musu tsawa su yi shiru. Baba ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, bai dubi kowa ba, ya kama hanyar gida da ƙafa, ya bar kekensa a jingine a bakin sito. Ni na turo shi gida.

Abin da ya fi ci masa rai lissafi ne mai sauƙi. Musulmi sun fi rabi a ƙungiyar. Kuma kafin magariba mata uku 'yan sari daga wajen Kachia sun zo har gida, ɗaya tana hawaye, suna rantsuwa cewa su citta suka jefa wa, domin shi ya tsaya musu lokacin da direbobi ke raina su. Ke nan waɗanda suka guje shi a cikin nasa mutanen sun fi yadda kowa ke zato.

Washegari da hantsi Baffana ya zo, ƙanin Baba, wanda ke bi masa, shi ma ɗan ƙungiyar. Tun daga ƙofa ake jin muryarsa.

"Yaya, wannan ba zaɓe ba ne, wasan yara ne! Ina aka taɓa zaɓe da tulu? Gwamnati da kanta layi take yi. Kada ka ba da makulli. A sake, a yi layi, mu ga munafukin da zai tsaya bayan wani kana kallo."

Wasu mutum huɗu da suka biyo shi suka ce haka ne. Ina tsakar gida ina wanki ina jin komai. Abin da ya tsorata ni shi ne Baba bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Bari in yi tunani."

Da suka tafi ya shigo ya zauna a kujerarsa ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Inna ta yi mini ido in kama kaina. Na ɗauraye hannu na je na durƙusa a gabansa.

"Baba."

Ya kau da kai gefe.

"Baba, ku kuka buga hatimi a katunan nan da hannunku. Ku kuka ce a yi. In aka sake da layi za ku ci, na sani. Amma kowa zai san tsoro ne ya tsayar da su, ku ma za ku sani."

"Kin gama?"

"Saura kaɗan. Shugaban Amurka da ya faɗi yana da soja. Ku makulli kawai gare ku. Shi bai ce a sake ba."

Ya ɗago ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ke Amurka ce ta haife ki, ko ni?"

"Ku ne, Baba. Shi ya sa nake faɗa muku. Da wani ne, da ban damu ba."

Inna ta saki muciya ta ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri!" Na tashi. Amma ban ji na yi kuskure ba, kuma har yau ban ji ba.

Kwana biyu Baba bai fita kasuwa ba. A rana ta uku, ranar da motoci ke lodi, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ɗauki makullin sito da hatimi ya zuba a aljihu. A bakin ƙofa ya ce wa Inna, ba ni ba, "Gaya wa 'yarki ta biyo ni, tunda ita ce alƙali." Ranar ban je makaranta ba.

Muka tarar da kasuwa ta cika, motoci biyu a tsaye, buhuna a waje, an rasa mai buɗe sito. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Baban Reluwe yana zaune a kan buhu, da ya hango mu ya miƙe ya cire hularsa. Na yi zaton Baba zai yi jawabi irin wanda na ji labarinsa a rediyo, har na shirya yadda zan ba Malam labari. Ba haka ya yi ba. Ya ciro makullin ya danƙa masa ya ce:

"Kusurwar gabas tana yoyo, kada ka bari a jera buhu a nan in damina ta zo. Kwaɗon sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa kafin ya buɗe. Direbobin nan kuma in sun ce maka gobe, jibi suke nufi."

Baban Reluwe ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ba za ka bar ni ni kaɗai ba."

"Ina nan. Amma yanzu ni ma zan riƙa ɗaga hannu a taro ina yi maka tambaya, ka ji yadda abin yake."

Wurin ya kaure da dariya da tafi. Baba ya juya ga Baffa da mutanensa ya ce, "Magana ta ƙare. Kowa ya kama lodinsa." Shi ke nan. Ya je ya tsaya a bayan wasu mata yana jiran a zo kan buhunansa, abin da bai yi ba shekara goma sha ɗaya.

Ni dai bai yafe mini da wuri ba. Kusan wata biyu ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana son ruwa, ko ina tsaye a gabansa, sai ya ce wa Inna a ce wa 'yar Amurka ta kawo ruwa. Na riƙa kawowa da fara'ata. Na san halinsa, domin irin halina ne. Sai wata safiya a watan Janairu, rediyo na ba da labarin rantsar da sabon shugaban Amurka, ina shara a gefe, na ji ya ce:

"Uwata, tsohon ya fita daga gidan da gaske?"

"Ya fita, Baba. Tare ma suka tafi wurin rantsuwar."

Ya jinjina kai ya ce, "Na san abin da ya ji a cikinsa. Ba daɗi."

Daga ranar muka koma kamar da.

Baban Reluwe bai zama wani shugaba na ban mamaki ba. Yana da sanyi, taronsa yakan yi tsawo don kowa sai ya yi magana, wani lokaci a tashi ba a yanke komai ba. Har wasu suka fara cewa gara zamanin Alhaji. Amma ƙungiyar ba ta rabe ba, a shekarun da abubuwa da yawa suka rabe a garinmu. Baba kuma ya cika alkawari, ya zama mai tambayar da ta fi ta kowa zafi, kuma na lura yana jin daɗin hakan fiye da yadda zai yarda. Bai sake tsayawa takara ba.

A tsakiyar 1993 aka yi babban zaɓen shugaban ƙasa, aka soke shi kafin a gama faɗin sakamako. A aji muka taso Malam da tambayoyi, wani yaro ya ce to mene ne amfanin duk abin da muka karanta. Malam ya tsaya yana juya alli a hannu. Ni na miƙe na ce amfaninsa shi ne yanzu mun san sunan abin da aka yi mana, kuma mun san ba dole ne a yi haka ba, tunda na ga an yi akasinsa da idona a bakin siton citta. Wasu suka yi dariya. Ban damu ba. A ranar na yanke shawarar tarihi zan karanta.

Da na samu gurbin jami'a a Zariya, Baffa ne ya kai ni, domin yana da kaya da zai sauke a Kaduna. Muna gaban mota, ni da shi da direba. Mun wuce Kachia, direba ya tsaya a Kujama zai ƙara wa injin ruwa. Baffa ya sayo mana gasasshiyar masara, ya miƙo mini ɗaya, ya daɗe yana juya tasa bai ci ba.

"Zan gaya miki wata magana," ya ce, "amma in ta koma gida, ni da ke."

"Ina ji, Baffa."

"Ran nan, masara na jefa wa."

Na dube shi baki buɗe. "Ku? Ku da kuka zo kuna cewa a sake?"

"To ya zan yi? Ina fitowa daga bayan zanar nan na ji kamar an rubuta a goshina. Na ce in ban fi kowa ihu ba, zai gane." Ya share bakinsa. "Yayana ne, ina son sa. Amma shekara goma sha ɗaya ban taɓa gama jimla ɗaya a taro ba."

Dariya ta kama ni har na ƙware, direba ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Baffa ya ce masa ya yi aikinsa. Sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Kina ganin ya sani?"

Na ce masa ban sani ba, kuma ba zan tambaya ba. Direba ya rufe bonet, muka kama hanyar Kaduna.